Mita Guda da Ɗoriya

Ran Talata na ja alli a bangon aji,
mita guda da ɗoriya daga ƙasa.
Na ce, nan kanta ya tsaya.
Yara suka tuntsire da dariya.
Harisu, zanƙalelen bencin baya, ya zo ya gwada,
da ƙyar layin ya wuce masa cibiya.

A kogo aka tono ta, can tsibirin Fulores,
inda ruwa ya yi wa ƙasa zobe.
Mu da ke kai bido layin famfo tun kiran assalatu,
ina za mu gane irin wannan almubazzaranci?
Ƙwaryar kanta ba ta fi ƙoƙon shan fura ba.
Ba haɓa. Tafin ƙafa zaƙwai-zaƙwai.
A kogon akwai tsagin dutse mai kaifi
da ƙashin wata giwa, ita ma ƴar ƙarama.

Barira ta ɗaga hannu, ba ta yi dariya ba tun farko.
"Mushe, ita ma ƴar Adam ce?"
Allin ya karye mini biyu.
Na fara da cewa masana suna ta gardama,
ƙararrawa ta cece ni.

Da la'asar na bi lungun Birni
wurin Kawu Mato maɗori.
Shekara arba'in yana karatun ƙashi da yatsa,
bai taɓa zama bencin lakkol ba.
Na tarar ya gama ɗaure wa wani ɗan kabu-kabu ƙwauri da kara.
Na miƙa masa hoton a waya.
Ya nisanta shi da ido, ya kusanto.
"Yarinya ce."
Na ce, duba haƙoran, Kawu.
Ya shafa gilashin da babban yatsa
kamar mai neman inda targaɗe ya kwana.
Ya daɗe.
"Turamen sun cinye. Wannan ta tauna duniya.
Babba ce. Wataƙila ma ta yi goyo."

Na zuba masa shekaru, dubu sittin ko fiye,
na zana masa reshe da reshe a rairayi,
nan mu, nan su, nan wasu da ba a gama tonowa ba.
Akuya ta bi ta kan zanen.
Bai tambayi ko ɗaya ba.
Ya ce, "Wa ya rufe ta?"
Na ce ban sani ba, ƙila ƙasa ce kawai.
"To da ta karye, wa ke riƙe mata ƙafa?"
Wannan ma babu shi a littafina.

Na fito magariba na shirin faɗuwa.
Duwatsun Birni zaune bisa juna, yadda na san su,
sun girmi ganuwa, sun girmi sunan Damagaram.
Yau sai na ga kamar tsofaffi ne da suka ga wucewar baƙi da yawa
suka ƙi faɗa.
Ashe gidan nan ba mu kaɗai muka kwana ba.
An yi ɗakin gajeru, an yi na masu kaurin gira,
ɗaya bayan ɗaya fitilunsu suka mutu,
mu muka gaji tsakar gida
muna ta hayaniya kamar mu muka gina.

A ƙofa Saude ta tarye ni, shekararta biyar,
hannunta duk miyar kuka.
Na tsayar da ita jikin azara, na aza tafi a kanta.
Mita guda da ɗoriya.
Ta ce, "Baba, na ƙaru?"
Na ce kin ƙaru.

Layin yana nan a bangon aji.
Mai shara ya tambaye ni sau biyu ko ya goge.
Barira ma tana nan, benci na uku,
ba ta janye tambayarta ba.